Tafin Hannun Ummi Shalbiya

A unguwar maginan tukwane ta garin Muknin, da wuya ka nuna gidan da Ummi Shalbiya ba ta karɓi haihuwa a cikinsa ba. Ungozoma ce, 'yar ungozoma. Ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, amma ta san wanda ya fito da ƙafa da wanda ya zo bakwaini, a gidajen Musulmi da na Yahudawa, don takan ce naƙuda ba ta tambayar addini. Ladanta abin da ya sawwaƙa ne, ko tulun man zaitun, ko ƙwai biyar a ƙulle cikin ƙyalle.

A sanyin shekarar 1942, ana tsakiyar tsinkar zaitun, sojojin Jamus suka shigo Tunisiya, suka riƙa kwashe mazan Yahudawa zuwa aikin tilas. Cikin waɗanda aka tafi da su har da Biraham maƙerin azurfa, wanda matarsa ta rasu a hannun Shalbiya wajen haihuwar autansu. Bai yi mako biyu ba ya sulale ya gudu. Jamusawa suka aiko cewa in ba a ga uba ba, 'ya'yansa za a kama har sai ya fito.

Da rana tsaka Shalbiya ta yafa farin mayafinta ta nufi gidan Biraham, kamar an kira ta haihuwa. Ta dawo da 'ya'yansa, Zayira mai shekara tara da Mushi mai biyar, ta zuba su cikin jikokinta. Zayira ta koma Zuhra, Mushi ya koma Musa, wai 'ya'yan ƙanwarta ne daga garin Ƙairawan. Maƙwabta sun san yaran sarai, amma kowa ya kama bakinsa.

Wanda take tsoro baƙo ne, Burawi tafintan Jamusawa, mutumin garin Susa, wanda kullum yake zaune a rumfar gahawa daura da ƙofarta. Ya tashi kusa da unguwar Yahudawa, ya san al'adunsu.

Zayira ta iya takunta. Matsalar Mushi ce. A gidan kowane Bayahude akwai ɗan ƙaramin akwati mai ɗauke da ayoyi da ake kafawa a jikin ƙofa ta dama, mai shiga da mai fita ya taɓa shi ya sumbaci yatsunsa. Ƙofar Shalbiya ba ta da shi, amma hannun Mushi bai san da haka ba. Duk wucewa sai ya yi ɗage ya shafi bango, ya kai yatsu baki.

"Ɗan nan, me ka ajiye a bangona?" ta tambaye shi. "Zuma ce?"

"Mantawa na yi, Ummi."

"Gobe ka manta, in ɗaure hannun nan a wuyanka."

Ya sake mantawa, ranar jajibirin babbar salla, a idon Burawi. Shalbiya ta ga tafintan ya ajiye kofinsa a hankali yana kallon yaron. Ta san ba za a raba ɗan shekara biyar da abin da ya buɗe ido ya tarar ba, sai ta fasa yaƙi da hannun Mushi.

Da safe aka yanka ragonta. Ta tsoma hannu cikin jinin ta buga tafinta a bango, kamar yadda mata suka saba don maganin kambun baka. Sai dai ba sama da ƙofa ta buga ba, a gefen dama ta buga, ƙasa-ƙasa, daidai tsayin yaro. Ta tara jikokinta bakwai ta ce duk wanda ya wuce bai taɓa tafin nan ya sumbaci yatsunsa ba, ba shi ba nama. Sannan ta bi gida-gida da ƙwaryar jini, tana yi wa matan raɗa.

Liman ya tare ta a hanya. "Ummi, wannan kuma wace sabuwar bidi'a ce?"

"Sidi, kai ma da ƙafa ka fito, ban ce da uwarka bidi'a ba ce. Bar ni har a gama tsinkar zaitun."

Ya dubi ƙofarta, ya dubi rumfar gahawa, ya gyara rawaninsa ya wuce.

Kwana biyu bayan salla Burawi ya iso da soja ɗaya. "Uwata, akwai yaron da ke sumbatar ƙofa a gidan nan."

"Ɗaya kawai ka gani? Ashe idonka na son kwalli. Tsaya nan."

Ta ƙwala wa yara kira su zo cin abinci. Suka kwararo daga lungu suna ture juna, kowa ya daki tafin ya tsotsi yatsa, Mushi a tsakiyarsu. A ƙofar maƙwabta ma haka, har wata tsohuwa mai sanda ta duƙa da ƙyar ta taɓa nata.

"Ku a Susa ba ku tsoron baki?" in ji Shalbiya. "Shi ya sa kuka rame. Gaya wa maigidanka ya taɓa shi ma, na ga kamar an yi masa baki."

Abin da Burawi ya fassara wa sojan, ba wanda ya sani. Sojan ya yamutsa fuska ga busasshen jinin, ya juya. Tafintan bai sake zama a rumfar ba.

Biraham ya fito daga maɓoyarsa cikin watan Mayu, bayan an kori Jamusawa. Ya kawo mata mundayen azurfa, ta ce hannun ungozoma ba ya son nauyi, ta zura su a hannun Zayira.

Ta ƙara shekara goma sha tara tana karɓar haihuwa. Duk babbar salla takan sabunta tafin a inda yake, ƙasa-ƙasa, ko bayan da Biraham ya kwashe iyalinsa suka haye teku. In amarya baƙuwa ta tambaye ta dalili, sai ta ce bayanta ne ba ya miƙewa.