Katako Huɗu a Ƙarƙashin Keken Baba

Tun ranar da mutumin nan ya kama shago kusa da na Baba a unguwar New Bell, jinina bai haɗu da nasa ba. Daga Najeriya ya zo, turare yake sayarwa, kullum fuska kamar gonar auduga. Mu haifaffun Douala muna yi wa irinsu kallon masu wayon tsiya, ni kuwa da na yi boko na samu aikin ofis, na fi kowa zafi a kan haka.

Baba tela ne, shekara arba'in yana duƙe a kan keken ɗinki ɗaya. A shekarar nan bayansa ya fara ƙagewa. Da safe sai ya dafa bango kafin ya miƙe, sallah ma ta koma a zaune. Na duba na ga ciwon da mai turare kusan tare suka iso. Ban tsaya tuna cewa kakanmu ma a ranƙwafe ya bar duniya ba, balle faɗuwar da Baba ya yi wata damina yana ɗauke da kan keken don kada ambaliya ta ci shi.

Wata Asabar na kai abinci, Baba yana masallaci, sai na tarar da mai turare durƙushe yana cusa wani abu a ƙarƙashin ƙafafun keken. Katako ne guda huɗu, kowanne da zane-zanen biro a jiki. Ban bar shi ya buɗe baki ba. Na wanke shi tas a gaban jama'a, da Hausa da Faransanci, na ce yau asirinsa ya tonu, na kwashe katakon na watsa a kwata. "Allah ya huci zuciyarki, Hajiya," shi ne kawai abin da ya ce. Wata bai cika ba ya kwashe kayansa ya koma unguwar Nkololoun. Tun daga nan hira ta mutu a shagon Baba.

Ciwo kuwa bai bi mai turare ba. Da muka je asibiti aka ɗauki hoto, likita ya ce gaɓoɓin ƙashin bayan ne suka goge: ga shekaru, ga gado, ga tsohuwar faɗuwa da ƙiba, uwa uba duƙo. Na matsa kusa na tambaye shi a hankali ko babu hannun mutum a ciki. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce mu fara da ɗaga teburin keken don tsoho ya daina sunkuyo.

Kunya ta rufe ni. A cikin tasi Baba ya yi magana yana kallon taga.

"Da tef ɗina mai turare ya auna katakon nan, daga gwiwar hannuna. Mahaifinsa ma tela ne, da irin bayan nan ya rasu. Ke kullum kina kawo min abinci, amma shi ne ya ga yadda nake zama."

Washegari na sa kafinta ya yanko wasu huɗu, sumul, har da fenti. Baba ya jujjuya ɗaya a hannu, ya miƙo min.

"Ajiye su, 'yata. Ba katako na rasa ba."