Yaro Mai Jan Kaya a Ƙofar Nabawiyya

A wani ƙauye da ke bayan garin Sohag, babu yaron da bai ɗanɗana allurar Nabawiyya, ma’aikaciyar jinya a asibitin ƙauyen, ba. Gajeruwa ce, ga faɗa kamar zakara. In uwa ta tsallake ranar rigakafi, har bakin tanderun burodi take bin ta. Ana tsoronta, ita kuwa abu ɗaya take tsoro: jan kaya.

A nan, in ƙyanda ta kama yaro ba a kiran sunanta, sai a ce “mai albarka” ta sauka, a naɗe shi da ja tun daga kai har ƙafa.

Ranar wata Talata ɗakin jira ya cika da jarirai, yawancinsu ba su isa allurar ƙyanda ba. Nabawiyya ta ɗaga kai, sai ta hango ja yana leƙowa ta ƙarƙashin wani baƙin mayafi. Gwaggo Tafida ce, wadda ta raine ta, saɓe da jikanta Zainhum, yana tari.

Nabawiyya ta yi wuf ta tare ƙofa da jikinta.

“Gwaggo, tsaya nan.”

“Ni? Ni da na wanke miki kashi?”

“Ke ɗin. Numfashinsa kaɗai ya ishi ɗakin nan. Zagaya baya, gindin dabino, likita zai same ku can.”

Tsohuwa ta dube ta sama da ƙasa.

“Sannu likitar Alƙahira! Ke ma ja na sa miki, ga ki nan da ƙarfi kamar jaka.”

“Sau nawa na zo yi masa allura kika ce ya tafi gona?”

Da ƙyar Nabawiyya ta ja ta zuwa baya. Jikin yaron zau, idanunsa sun manne. Tausayi ya kama ta, har ta fara lallashin tsohuwar.

“Ba wanda ya shiga wurinsa dai ko?”

“Wa zai shiga? Ni dai na biya gidan ’yarki da safe, na kwantar da shi kusa da jaririyar. Gara ta yi tun tana ƙarama, ta huta.”

Jaririyar, jikar Nabawiyya, watanta huɗu.

Daga ciki wata uwa ta ƙwala wa Nabawiyya kira, wai layi ya tsaya.