Takardar da Ban Karanta wa Ɗanbala Ba

Malam Safiyanu mutumin Gwaram ne. Shekara talatin ya yi yana koyar da Turanci a firamare, daga Dingaya zuwa Zandam, kuma a hannunsa na fara haɗa jimla. Da ya yi ritaya sai ya koma Birnin Kudu, ya kafa tebur da tsohuwar tafireta a gindin wata darbejiya kusa da tasha, yana rubuta wa mutane takardun kai wa ofis.

Lokacin da na dawo daga karatu a Ibadan, na riƙa zama wurinsa da hantsi. Yadda yake aiki ne ya ja ni. Idan mutum ya zo, ba ya taɓa tafireta sai ya gama sauraro. Sannan ya ɗauki fensir ya raba maganar gida biyu: abin da ake nema, da abubuwan da suka rako shi. Mu a jami'a mun san su da tsayayyar ganga da ganga dogarau. Shi kuwa cewa yake uwar magana da 'yan rakiya.

"Bature uwar yake son gani tun daga ƙofa," in ji shi. "Mutanenmu kuwa sai 'yan rakiya sun gama gaisuwa. Aikina in shigar da su duka ba tare da wani ya taka wani ba."

Jimlolinsa dogaye ne, wata takan ci layi shida. Bayan ya buga, sai ya karanta wa mai takardar da Hausa, gaɓa-gaɓa. Kowace gaɓa sai mutum ya ce "haka ne" kafin ya wuce. Wanda bai ce ba, a sake. A raina ina ganin ɓata lokaci ne, amma ban faɗa ba.

Wata Talata wani manomi daga Kiyako, Ɗanbala, ya zo da maganar 'yarsa Khairiyya. Tana ajin ƙarshe a sakandare, ta yi zango guda ba ta je ba saboda jinyar mahaifiyarta a Kano, aka cire sunanta. Ranar Juma'a za a rufe rajistar jarrabawa. Malam ya gama tsara maganar da fensir ke nan aka kira shi a waya, an yi rasuwa a unguwarsu. Kafin ya tafi ya juyo gare ni.

"Zulkifli, buga masa. Ka karanta masa kafin ya tafi."

Na duba rubutun. Jimla ɗaya ce, mai "although" biyu da "because" ɗaya, roƙon kuma yana can ƙarshe. Wata gaɓa tana cewa shi Ɗanbala bai zo da ƙafarsa ya sanar da shugabar makaranta ba, kuma laifin nasa ne ba na yarinya ba. Na ga wannan ƙasƙantar da kai ne kawai. Na buɗe kwamfutata, na mayar da ita jimla uku gajeru: ta yi rashin zuwa, dalili jinya, a mayar da ita. Aka fitar mini a shagon da ke gefe.

"Ba za a karanta ba, Malam ƙarami?" Ɗanbala ya tambaya.

"Duk abin da ka faɗa yana ciki, Baba. Ka yi sauri kada a tashi."

Washegari ya dawo, takardar a naɗe a hannunsa. Akwai mutum huɗu a kan benci. Bai zauna ba.

"Malam Safiyanu, tsufa ne ya kama ka ko mene ne? Hajiya shugabar makaranta ta karanta, ta ce wato umarni na zo ba ta. Ta ce wata uku tana aike Kiyako ban zo ba, yanzu ko haƙuri babu a takardata. Ni da na ce maka a fara da laifina?"

Wani direba a bencin ya ce, "Ai Turancin ne ya gaji, tun zamanin sule da sisi ake bugunsa." Aka yi dariya.

Malam ya karɓi takardar ya karanta. Ya san ba haruffan tafiretarsa ba ne, kowa ma zai gani. Bai dube ni ba.

"Daga teburina ta fita," ya ce. "Ka yi haƙuri. Zauna."

Ina nan zaune, taku biyu daga gare shi, na bar laifin a kansa. Ya sa sabuwar takarda, ya buga doguwar jimlarsa yadda take, ya karanta. Ɗanbala ya ce "haka ne" sau biyar, na ƙirga. Sannan Malam ya rufe tafireta da tsumma, ya sa hularsa, suka hau babur ɗaya zuwa makarantar, shi da ciwon gwiwarsa.

Shugabar ta sa sun jira har bayan azahar. Ta karɓi takardar, ta ce yarinya ta dawo, amma jerin sunayen jarrabawa ya riga ya tafi da safiyar nan don ya isa kafin Juma'a. Khairiyya za ta maimaita shekara.

Sai ranar Asabar na iya zuwa Kiyako. Na sami Ɗanbala a gona yana yankan dawa, na faɗa masa ni ne na canza takardar, ba Malam ba. Ya daɗe yana goge lauje a rigarsa.

"To shi ka gaya masa ka zo?"

Na ce a'a.

"Ran Litinin ka jira ni a gindin bishiyar," ya ce. "A gaban mutane na ci masa fuska. Kai ma a gabansu za ka faɗa."