Kyamarar Hashimu Mai Jiran Haƙora

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Hashimu mai hoto, saboda haka ko tari ya yi sai na ji. Mutumin Dakko ne. Da albasar Bakolori ya shigo Talata Mafara, shekarar da ta ruɓe masa a buhu ya rantse ba shi ba ita, ya sayi tsohuwar kyamara a hannun wani direba. Ya kafa benci a rumfar Alhaji Abdulmumini dillalin shanu. Alhaji bai karɓar ko sisi, amma rumfa tasa ce, ran da ya ce a tashi an tashi.

Hashimu bai jin Turanci, ni ma haka, sai dai ni ban sayi kyamara ba. In ya shiga cikin saitinta, da 'yan zane-zanen da ke fitowa a gilashin baya yake gane hanya, kuma kowanne ya ba shi aiki. Mai fure na amare ne. Mai dutse na mutanen ƙauye ne, wai sun fi tsayawa ƙyam. Mai mutum yana gudu na yara ne. Sau tari in ya shiga sai ya ɓace, ya yi ta danne-danne yana zufa, ƙarshe ya zare batir ya mayar.

Wata ranar kasuwa Alhaji ya ce a ɗauke shi hoton da zai rataya a zaure. Shi kuwa Alhaji tunda nake ban taɓa ganin haƙorinsa ba, da ɗaure fuska yake ciniki. Hashimu ya leƙa saiti, ya ga zanen wata fuska tana murmushi. Ya raɗa mini, "Wanga na manya ne, shi ka sa masu fara'a a hoto." Ya danna.

Alhaji ya tsaya a rana da babbar riga. Hashimu ya danna, shiru. Ya sake, shiru. Ni na koma bayan Alhaji, na ce, "Malam Hashimu, ko kyamarar ma tsoronsa take ji?" Ina washe baki sai ƙyas, ta ɗauka da kanta. Mai shayin gefen rumfa ya leƙo yana dariya, ƙyas. Alhaji dai ko sau ɗaya ba ta kula shi ba.

"Kai Hashimu," in ji Alhaji, "in wasa ka tara mini mutane ku yi, gobe kar in iske bencinka a nan."

Hashimu ya koma saiti neman hanyar fita. Ya faɗa wurin agogo, ya fito ya faɗa wurin ƙara, ya zare batir, ya dawo ya tarar da fuskar nan tana masa murmushi. A nan ya lura cewa sai ta ga haƙora take tashi. Ya cire hula, ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, a yi mini aikin gafara. Kyamara ta ce sai ka yi dariya."

"Ta ce mi?"

"Ta ce... sai ta ga haƙora, Alhaji."

Na ce, "Ai gaskiyarta, Alhaji. Kai ma ba ka sayen bijimi sai ka buɗe bakinsa."

Alhaji ya harare ni, ya cije leɓe, kafaɗunsa suka fara rawa, sai dariya ta ƙwace masa. Ƙyas! Ashe har haƙorin Makka gare shi, shekara da shekaru yana ɓoye mana.

Da aka wanko hoton ya daɗe yana kallo. Ya ce benci ya zauna, amma in hoton nan ya kai kasuwar shanu, masu saye suka gane yana dariya, to Hashimu ya nemi wata rumfa. Hashimu ya rantse har da dafa ƙirji. Ni dai ba a sa ni rantsuwa ba.