Baturen da Ya Ƙi Sare Ɗorawa

Zamanin da Turawa ke haƙar zinari a dajin Birnin Gwari, ni ke kai wa sansanin lebura dawa da gishiri da daddawa a kan jakuna. Can na san wani dogon Bature mai jan gemu, mai kula da ramuka. Ba ɗan Ingila ba ne. Ma'aikacin jirgin ruwa ne da ya sauka a Ikko, neman abinci ya kawo shi wurinmu. Hausarsa ta kasuwa ce, amma ana ganewa.

Wata rana ina sauke kaya na tambaye shi garinsu. Ya ce wasu tsibirai ne can ƙuryar arewa, tsakiyar teku, inda tumaki suka fi mutane yawa.

Na ce, "Manajanku ya ce kai mutumin Faro ne."

Ya ce, "Haka Turawan Ingila ke faɗa, don ya fi musu sauƙi a baki. Mu Foroyar muke cewa."

Heluma, wato shugaban lebura, dattijo ne mai tsokana. Ya yi dariya ya ce, "Ashe har Bature ana yi wa. Mu ma Gbagyi ne, masu jakunan nan suka mai da mu Gwari."

Na ce, "Baba, ai ba ku gyara mana ba."

"Mun gyara. Kunnenku ne ba ya jin komai sai ciniki."

Daga ranar ban ƙara jin Baturen nan ya ce Gwari ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki, wai ƙasarsu babu daji, iska ba ta barin itace ya tashi. Gungumen da za a yi gini da shi teku ke kawowa, wanda ya tsinta ya sa alamarsa, ba mai taɓawa.

Da damina ta yi nisa ramuka suka fara zabtarewa, ana bukatar itacen tokara. Manaja ya ce a sare ɗorawoyin da ke bakin sansani, sun fi kusa. To, ɗorawa tana da mai ita. Waɗannan na wata tsohuwa ce da mijinta ya rasu, da kalwarsu take daddawa tana riƙe jikokinta. Ni ke sayen daddawar, saboda haka ba zan ce ba ruwana ba. Tsohuwa ta zo ta zauna gindin babbar ɗorawar.

Baturen ya ce ba zai sa gatari ba. Manaja ya ce masa ko a tokare ramuka kafin kasuwa ta sake ci, ko ya ɗaure kayansa.

Baturen ya same ni ya ce, "Mai jakuna, ara mini dabbobinka da duk igiyar da kake da ita."

"Bature, daji ya yi nisa, kuma hanya ta ɓaci."

"Ba daji za mu ba. Kogi."

Kogin Mariga ya yi ambaliya ya janye, ya bar itatuwan da ya tuge zube kan yashi. Mu kullum muna wucewa, itacen girki kawai muke gani. Shi kuwa ya tuɓe riga ya shiga ruwa har ƙirji, yana ƙwanƙwasa kowane gungume, ya ware mai kyau daga ruɓaɓɓe. Ya yi wani ɗauri na mutanen jirgi wanda ja ke ƙara masa ƙarfi. Na roƙi Fulanin wata ruga suka ba mu bijimai, su ja manyan gumagumai, jakuna su ɗauki guntaye. Ban taɓa ganin mai mulki ya sa kafaɗa tare da lebura ba sai shi.

An tokare ramuka duka, amma kasuwa ta riga ta ci ta watse. Manaja bai janye maganarsa ba.

Ni na kai masa akwatinsa bakin hanyar mota. Tsohuwa ta aiko masa da ƙullin daddawa, na so in hana don na san hancin Turawa. Ya buɗe, ya shinshina, ya ce ƙamshin naman tumakin da suke ratayewa a iska a ƙasarsu ke nan, ya cusa a aljihu.

Wanda ya gaje shi ya tarar da aiki a gyare, bai ga dalilin saran komai ba. Da bazara tsohuwa ta tara kalwarta kamar kowace shekara.