Farashi a Kan Fuska

A wani shagon gwanjo da ke Wendover Avenue, sun bi sun liƙa takardar farashi a kan fuskar kowane ɗan wasa da ke bangon fayafayan da suke sayarwa. Tsofaffin fayafayan wasan bidiyo ne na ƙwallon Amurka, wanda duk shekara ake zaɓar gwani a sa hotonsa a bango.

Ga wani dattijo tsugune gaban kantar, rigar aikin sito a kan kaftani, hula ta koma ƙeya. Da farce yake ɗaga takardar a hankali, ya leƙa fuskar, sannan ya jera fayafayan a ƙasa, shekara bayan shekara.

Na ce, "Baba, kai ma kana bugawa?"

Ya yi dariya, ya amsa da Hausar Nijar. "Ni? Hajiya, ko riƙe abin ban iya ba. Ɗana Moctar ne. Wannan mai kitson, shekarar da muka zo Amurka ke nan. Wancan kuma, lokacin Moctar ya daina amsa min da Hausa."

Da alama ɗan ya girma ya yi nisa, uban kuwa da fuskokin nan yake tuna shekarunsu tare. Ɗaya ce ta ɓace masa. Da ya ɗaga takarda ya gan ta, sai ya goge ta da hannun riga, yana murmushi shi kaɗai.

Ku masu shago, bayan faifan fili ne fetal. Ku liƙa farashinku a can, ku bar wa bawan Allah fuskokinsa.