Motar da Kawu Ya Shafe da Baƙi

Ranar Asabar ɗin farko ta dogon hutu, ina aji huɗu a firamare, Kawu Sani ya sauka daga bas ɗin Samaru rungume da kwali, ya shigo gidanmu na Muchiya. Ƙanin mahaifiyata ne, yana karatun zanen gine-gine a jami'ar da ke Samaru, kuma kowa a gidan ya san ni ce 'yar lelensa. A cikin kwalin akwai 'yan motocin katako, kowace ba ta fi tafin hannu ba, waɗanda zai jera a ƙaramar tashar mota da ya haɗa don jarrabawarsa. Ya ba ni ɗaya in yi mata fenti. Sai kuma ya miƙa wata ga Ngozi, 'yar masu haya a ɗakin bakin ƙofa. Nan take raina ya ɓaci. Kawun nan nawa ne ko nata?

Ya ce mu fara shafe motar da baƙi, mu bari ya bushe, sannan mu ɗan taɓa launi da buroshi, mu goge shi a tsumma har ya kusa ƙarewa, mu riƙa shafawa sama-sama. Ni kuwa na ce wace irin mota ce baƙa kamar gindin tukunya? Ko wanke-wanke ban gama ba na dangwalo ja na lafta mata, na ƙara, har yana ɗiga ta tayoyi. Ngozi ta shafe tata da baƙi, ta shanya ta kan katanga, ta tafi ɗibar ruwa, ta dawo muka yi 'yar gala-gala, ko waiwayar motar ba ta yi ba. Sai da la'asar ta zauna tana goge buroshi a tsohon zanen mamanta. Wallahi ina kallo ƙusoshi da gefen ƙofa da layin katako suka riƙa fitowa, har da tsatsa, sak motar da ta sha hanyar Funtuwa. Na ce mata motar ta yi datti, alhali haushi ne kawai ke cina.

Kawu ya jujjuya tawa. Jan ya cike tagogi, ya toshe komai. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Binta, gaggawa aikin Shaiɗan." Sai ya shafe ta da baƙi a gabana, ya ba Ngozi ta ƙarasa. Ranar ko tuwo ban ci ba. Da ya kai mu Samaru kallon aikin, motata ce a sahun gaba, ɗalibai na nuna ta, shi kuma yana dafa kan Ngozi yana cewa aikinta ne.

Yanzu 'ya'yana motocin roba nake saya musu a kasuwar Sabon Gari, da launinsu tun daga kamfani, ba mai jiran wani abu ya bushe. Su Ngozi sun tashi tuntuni, ban san inda take ba, kuma ina kewarta. Amma har gobe ban manta da hannun Kawu a kanta ba. Jan da na shafa yana nan ƙarƙashin baƙin, ni kaɗai na sani.